Zaɓen cike gurbi da ƙaramar jam'iyyar ƙawance: ƙuri'ar wa ake ƙirgawa?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam. Ni malamin firamare ne a Daura. Kwanakin baya muna zaune a majalisarmu bayan sallar isha'i sai gardama ta kaure. Na ji a rediyo ana cewa idan ƙaramar jam'iyya ta shiga gwamnatin haɗaka da babbar jam'iyya, zaɓen cike gurbi ne yake nuna ko magoya bayanta suna nan tare da ita ko sun watse. Wani abokina ya ce zancen 'yan jarida ne kawai, kujera ɗaya ba ta isa ta auna zuciyar jama'a ba. Ni kuma na ce tana aunawa. Na ukunmu ya ce mu daina wahalar da kanmu, abin Turawa ne, mu a Najeriya ba mu da gwamnatin haɗaka. Don Allah a warware mana.

AMSA

Wa alaikumus salam Malam. Kai da abokinka na farko kowa ya riƙe gefe guda na gaskiya. Na ukun ne ya yi kuskure, kuma da shi zan fara, domin idan akwai wanda ya kamata ya san ɗacin wannan magana, to mutumin Daura ne.

Tsarinmu na shugaba mai cikakken iko ne, ba irin na firaminista ba. Shugaban ƙasa ba ya sauka don ya rasa rinjaye a majalisa, saboda haka ba dole ba ne sai ya nemi abokin tafiya. Duk da haka mun sha yin ƙawance. A 1979 NPN ta Alhaji Shehu Shagari ta sami kujeru 36 cikin 95 a majalisar dattawa, ba su kai rinjaye ba, sai ta ƙulla yarjejeniya da NPP ta Azikiwe. NPP ta sami kujerun minista da kujerar kakakin majalisar wakilai, wadda Edwin Ume-Ezeoke ya hau. A 1981 auren ya mutu, amma wasu ministocin NPP, irin su Farfesa Ishaya Audu, suka yi zamansu cikin gwamnati.

A 2007 kuma abin ya zo har cikin gidanmu. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya hau mulki bayan zaɓen da shi da bakinsa ya amsa cewa yana da kurakurai, ya yi kiran a kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa. Shugabannin ANPP suka amsa. Shugaban jam'iyyar a lokacin shi ne Ume-Ezeoke ɗin nan dai, wanda kuma shi ya tsaya wa Janar Buhari mataimaki a zaɓen. Jam'iyya ta zare hannunta daga ƙarar zaɓe ta karɓi kujerun minista, Buhari ya ci gaba da shari'arsa har Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a Disambar 2008. A 2010 ya bar ANPP ya tafi CPC.

Akwai wani dattijo tela a cikin birnin Katsina da nake kai wa ɗinki a shekarun nan. A bangon shagonsa, daidai saman keken ɗinki, akwai kalandar ANPP mai hoton masara, ta daɗe har ta koɗe. Da na je karɓar kayan ƙaramar sallah a 2007 sai na tarar babu ita, sai ƙusar da shatin inda take a bango. Na ce, Baba, ko an koma lema ne? Ya ɗago kai daga ɗinkin ya ce, "Allah ya kiyaye. Ni dai na sha rana a layi, su sun ci minista. Ban koma ko'ina ba, ina nan gida." Na daɗe ina nazarin zaɓuɓɓuka, kuma har yau ban ji wanda ya bayyana matsalar ƙaramar jam'iyyar ƙawance kamar yadda dattijon nan ya bayyana ta ba. Mai goyon bayanta idan ransa ya ɓaci, da wuya ya tsallaka wajen abokan hamayya a karon farko. Zamansa yake yi a gida.

Dalilin ɓacin ran ba ɓoyayye ba ne. Mutane da yawa suna zaɓen ƙaramar jam'iyya ne don ba sa son babbar. Ran da aka wayi gari shugabanninta suna zaune teburi ɗaya da waɗanda aka yi ta kushewa a filin kamfen, dalilin da ya fito da mutumin daga gida ya rushe. Sannan cikin gwamnati ba a raba yabo da zargi daidai. Idan an yi titi ko an biya albashi a kan kari, sunan shugaba da jam'iyyarsa ake kira. Idan an ƙara kuɗin mai ko kuɗin makaranta, magoya bayan babbar jam'iyya sukan haƙura don nasu ne a sama, amma na ƙaramar sai su juyo kan nasu shugabannin su ce, da ku aka yi. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Wannan shi ne halin da ƙaramar jam'iyya take shiga zaɓen cike gurbi da shi.

To me ya sa zaɓen cike gurbi, ba babban zaɓe ba? A babban zaɓe akwai guguwa. Akwai ɗan takarar shugaban ƙasa a sama, ana cewa a yi sak, mutum ya dangwala wa wanda ko sunansa bai sani ba. Akwai kuma tsoron kada wanda ba ka so ya hau mulki, sai ka toshe hanci ka zaɓi wanda ya ɓata maka rai. Zaɓen cike gurbi, wanda ake yi idan ɗan majalisa ya rasu ko ya ajiye aiki ko kujerarsa ta zama babu kowa, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Kowa ya san gwamnati ba za ta canza ba. Wanda yake son ja wa jam'iyyarsa kunne ya sami dama a arha, wanda kuma ba shi da wani dalili mai ƙarfi sai ya tafi gonarsa ko kasuwarsa. Shi ya sa fitowar jama'a takan ragu sosai, waɗanda suka fito kuwa ko dai 'yan a-mutu ne, ko masu fushi, ko waɗanda aka je aka ɗauko. Ta nan kana da gaskiya Malam, ranar wanka ce, ba a ɓoyon cibi.

Amma abokinka ma yana da tasa gaskiyar, kuma babu misalin da ya fi nuna ta kamar na jam'iyyar Liberal Democrats a Birtaniya. A zaɓen Mayun 2010 ta sami kujeru 57 da kusan kashi 23 cikin 100 na ƙuri'u. Babu jam'iyyar da ta sami rinjaye, sai shugabanta Nick Clegg ya shiga gwamnati da jam'iyyar Conservative ta David Cameron, ya zama mataimakin firaminista. Kafin zaɓe 'yan takararta sun sa hannu a alƙawarin ba za su yarda a ƙara kuɗin jami'a ba. A Disambar shekarar majalisa ta ɗaga iyakar kuɗin daga fam 3,000 da 'yan kai zuwa fam 9,000, kuma da ƙuri'un shugabannin jam'iyyar aka yi.

Wata guda bayan haka, a Janairun 2011, aka yi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Oldham East and Saddleworth, inda jam'iyyar ta sha kaye da ƙuri'a 103 kacal a 2010. Kowa ya zaci za ta sha ƙasa. Ba ta ci kujerar ba, Labour ce ta ci, amma kasonta bai motsa ba, ya tsaya a wajen kashi 32. Shugabanninta suka fito suna murna, wai ga shi jama'a ba su guje mu ba. Wanda ya dubi layin da ke ƙasa a takardar sakamako ya ga inda gizo yake saƙa: ƙuri'ar Conservative ta faɗo daga kashi 26 zuwa ƙasa da 13. Magoya bayan babbar ƙawa ne da yawa suka ara wa ƙaramar ƙuri'unsu don kada Labour ta ci, suka cike ramin da masu fushi suka bari. Kayan aro kuwa ba ya rufe katara. Watanni biyu ba su cika ba aka yi wani zaɓen a Barnsley Central, inda babu wani dalilin da zai sa kowa ya ara mata ƙuri'a. Jam'iyyar da ta zo ta biyu da kashi 17 a 2010 ta koma ta shida da kashi 4, har ta yi asarar kuɗin ajiyar da ɗan takara yake biya, waɗanda ba a mayarwa sai an kai kashi 5.

Zaɓe na uku shi ne ya fi yaudara. A Fabrairun 2013 aka yi zaɓen cike gurbi a Eastleigh, kujerar jam'iyyar ce, kuma ita take riƙe da ƙaramar hukumar wurin da kansiloli masu yawa. Ta kwaso ma'aikatanta daga ko'ina cikin ƙasar ta zube su a mazaɓa ɗaya, gida-gida. Ta riƙe kujerar da ratar ƙuri'a 1,771. Aka yi ta cewa inda jam'iyyar ta kafu ba mai ture ta. Amma kasonta ya sauko daga kashi 46 zuwa 32, kuma ta tsira ne saboda ƙuri'un masu adawa da ita sun rabu tsakanin Conservative da UKIP, wadda ta zo ta biyu. A babban zaɓen 2015, da ya zama dole a raba ma'aikatan nan a mazaɓu da dama rana ɗaya, kujeru 57 suka koma 8. Eastleigh ɗin ma ta tafi, kuma babbar ƙawarta Conservative ce ta ƙwace ta da ratar sama da 9,000.

Ka ga zaɓuɓɓuka uku, jam'iyya ɗaya, cikin shekara biyu da 'yan watanni. Wanda ya tsaya ga tambayar wa ya ci ko kashi nawa aka samu, biyu daga ciki sun ruɗe shi. Barnsley, wadda aka raina don dama ba kujerarsu ba ce, ita ta faɗi gaskiya, domin a can ne aka ga jam'iyyar ita kaɗai, ba aro ba ɗauki. Ba Birtaniya kaɗai ba ce: jam'iyyar FDP a Jamus ta shiga gwamnatin Angela Merkel da kashi 14.6 a 2009, a 2013 ta sami 4.8 ta fita daga majalisa gaba ɗaya, jam'iyyar Green ta Ireland kuma ta rasa dukkan kujerunta 6 a 2011 bayan zama cikin gwamnati.

Saboda haka amsata ita ce, zaɓen cike gurbi yana aunawa, amma sai ga wanda ya iya karanta ma'aunin. Abin da za a fara tambaya shi ne, babbar ƙawa ta tsayar da ɗan takara ko ta janye? Idan ta janye, ko ta tsayar da shi don cika sharaɗi kawai ba ta yi masa kamfen ba, to duk ƙuri'ar da ƙaramar ta samu a gauraye take, ba ka san nata ba ba ka san na aro ba. Idan kuma duka biyun sun fito da gaske, nan ne gwajin yake da tsanani, domin ɗan takarar ƙaramar jam'iyya zai tsaya gaban jama'a ya ce kada ku zaɓi waɗannan, alhali ministansa yana zaune da su a majalisar zartarwa. Jama'a ba yara ba ne, za su tambaye shi, to me kuke yi a can?

Bayan wannan, a bar kallon kaso a kalli ƙuri'un kansu. Kaso yana ɓoye wanda ya zauna gida. Jam'iyya tana iya samun kashi 30 jiya ta sami kashi 30 yau, alhali rabin mutanenta ba su fito ba, don kawai na sauran ma ba su fito ba. Ka ɗauki rumfunan da kowa ya san tungarta ne, unguwar da ba a taɓa kayar da ita ba, ka gwada adadin da ta samu a zaɓen baya na wannan kujerar da na yau. Idan a akwatin da take kwasar 300 yau ta sami 90, sauran jam'iyyu kuma ba su ƙaru ba, to mutanenta suna gida, irin telan nan. Idan kuwa abin da ta rasa ya bayyana a layin wata jam'iyyar, sun sauya sheƙa ke nan, kuma dawo da su ya fi wuya nesa ba kusa ba. Wannan lissafi yanzu ba sai masana ba. Ana liƙa sakamako a kowace rumfa, kuma hukumar INEC tana ɗora hoton takardar a shafinta na IReV.

Ni a wurina akwai ma'aunin da ya fi ƙuri'a saurin magana, wato ejan-ejan. Ɗan jam'iyyar da zai zauna a benci tun safe har a ƙirga, ya sa hannu, ya raka akwati wurin tattara sakamako, ba don 'yan kuɗin da ake ba shi kaɗai yake yi ba. Idan ka zaga rumfuna ka ga tsofaffin fuskokin da ka saba gani babu su, an kawo yaran da ba su san kowa a layi ba, to jam'iyyar ta fara ruɓewa daga ƙasa ko da ta ci kujerar. Shugabannin mazaɓa da shugabannin mata su ne sukan fara jin zafin ƙawance, domin muƙaman da aka ba jam'iyya ba su da yawa, a hannun manya suke ƙarewa, su kuma su ne jama'a suke tsarewa a bakin masallaci da wurin suna.

Dole kuma in faɗi abin da yake ɓata ma'aunin a wurinmu, kuma yana damuna ƙwarai. Zaɓen da mutane kaɗan suka fito shi ya fi sauƙin saye. Idan mazaɓa ɗaya ce ake zaɓe a jiha, duk ƙarfin masu mulki da na masu kuɗi a kanta yake sauka, taliya da atamfa da sabulu suna yawo, mai neman na cefane kuma ba za ka zarge shi kai tsaye ba. A irin wannan hali sakamako yana iya nuna nauyin aljihu fiye da biyayyar zuciya. Wannan hujja ce mai ƙarfi a hannun abokinka.

Bari mu dawo gida. Sanata Mustapha Bukar na shiyyar Daura ya rasu a Afrilun 2018, aka yi zaɓen cike gurbinsa ranar Asabar 11 ga Agusta, tsakiyar damina, a ƙananan hukumomi 12 na shiyyar. Ka tuna lokacin. 'Yan makonni kafin nan Kwankwaso da Saraki da Tambuwal sun fice daga APC sun koma PDP, bayan ɓangarensu na sabuwar PDP ya daɗe yana kukan an mayar da shi saniyar ware a gwamnatin da ya taimaka aka kafa. Idon ƙasa duka ya dawo mahaifar shugaban ƙasa na lokacin, Buhari. 'Yan takarar manyan jam'iyyun biyu kuma wa da ƙane ne daga Kankiya: Ahmad Babba Kaita a APC, yayansa Kabir Babba Kaita a PDP. Ahmad ya sami 224,607, Kabir 59,724.

Me wannan zaɓe ya auna? Ya nuna ficewar manyan nan ba ta taɓa shiyyar Daura ba. Kasancewar 'yan takarar gida ɗaya suka fito ya ma sauƙaƙa karatun, don ba wanda zai ce dangi ko gari ne ya raba ƙuri'a. Abin da bai iya nunawa ba shi ne nawa ne na tsohuwar CPC a cikin ƙuri'un nan, nawa na ANPP, nawa na waɗanda suka shigo daga baya. Nan ne bambancin maja da ƙawance yake. A ƙawance kowace jam'iyya tana riƙe da alamarta a takardar ƙuri'a, ana iya ƙirga nata. A majar da ta haifi APC a 2013, masarar ANPP da alƙalamin CPC duka sun narke cikin tsintsiya. Ƙaramin ɓangare a cikin maja ba shi da layin kansa a takardar sakamako, saboda haka fushinsa yakan fito ne a zaɓen fid da gwani, ko ta zagon ƙasa ranar zaɓe, ko ta hanyar rashin fitowa. Mai son auna shi sai ya bi rumfa-rumfa, ya san wace unguwa ce ta wane.

Amsar wa ke da ƙuri'un 2018 ta zo daga baya. A 2022 Sanata Ahmad Babba Kaita ya koma PDP, ya sake neman kujerar a 2023, Nasiru Sani Zangon Daura na APC ya kayar da shi. Mafi yawan ƙuri'un ba su bi shi ba. A ranar nan ɗaya kuma Atiku ya sami 489,045 a jihar Katsina, Tinubu ya sami 482,283, alhali APC ta kwashe kujerun sanata uku. Bakatsine ya iya shinkafa da wake, kuma biyayyarsa ga mutum takan fi biyayyarsa ga alama. Duk wanda zai karanta zaɓen cike gurbi a yankinmu ya fara tambaya, wane mutum ne jama'a suke ganin yana bayan wannan takarar, kuma har yanzu suna jin maganarsa?

Abu na ƙarshe da nake so ka kai wa majalisarku shi ne makomar waɗanda suka zauna gida. Shugabannin ƙaramar jam'iyya sukan kwantar da hankalinsu su ce, ai ba su tafi ko'ina ba, babban zaɓe zai fito da su. Zai fito da su, amma ba lallai ne wajen tsohuwar jam'iyyarsu ba. ANPP ta ci gaba da riƙe wasu jihohin bayan 2007, amma a Katsina ƙarfinta ya bi Buhari, har CPC, jam'iyyar da ba ta daɗe da rajista ba, ta kwashe kujerun sanatan jihar a 2011. Ranar zaɓen shugaban ƙasa na shekarar na wuce ta rumfar unguwar telan nan da sassafe, ma'aikatan zaɓe ba su ma iso ba, na gan shi zaune a gaban layi da katinsa a hannu da ruwansa a buta. Bayan kwana biyu na shiga shagon, ƙusar nan tana ɗauke da sabuwar kalanda mai hoton alƙalami.